Verdi: Uban da Ya Binne 'Ya'yansa, Ya Raine Su a Cikin Waƙa

A makon ƙarshe na watan Janairun 1901, mutanen birnin Milan na ƙasar Italiya sun yi wani abin da ba kasafai ake gani ba. Busasshiyar ciyawa aka kwaso aka shimfiɗa a kan titin da ya bi ta gaban wani babban otal, don kada ƙarar kofaton dawaki da ta keken doki ta dami wani tsoho da ke kwance rai a hannun Allah a ɗaya daga cikin ɗakunan otal ɗin. Tsohon nan bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuma taɓa jan runduna zuwa fagen fama ba. Mai tsara kiɗa ne, sunansa Giuseppe Verdi. Ya cika ranar 27 ga watan, yana da shekara 87.

Ya bar wasiyya cewa a yi masa jana'iza mai sauƙi, ba kiɗa ba waƙa. Haka kuwa aka yi, da sassafe aka kai shi makwanci. To amma bayan wata guda, da aka tashi mayar da gawarsa da ta matarsa zuwa inda ya zaɓa a ajiye su, sai garin ya tashi gaba ɗaya. Dubun-dubatar mutane suka cika tituna, mawaƙa kimanin 800 suka rera wata tsohuwar waƙarsa ƙarƙashin jagorancin Arturo Toscanini, wato waƙar bayin da aka raba da ƙasarsu. Tun daga ranar Italiya take tunawa da shi a matsayin muryar haɗin kanta.

Akwai gaskiya a wannan kirari. Sai dai idan muka ajiye kirarin a gefe muka leƙa cikin ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, mutumin da muke ta cin karo da shi uba ne tsaye a gaban 'yarsa, yana ganin za ta kuɓuce masa. Wannan uban muke son mu bi sawunsa.

Mece ce opera?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu faɗi irin sana'ar da mutumin ya yi. Opera wasan kwaikwayo ne na dandali wanda ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Faɗa, soyayya, ba'a, kuka, har numfashin ƙarshe na mai mutuwa, duk da waƙa ake yin su, makaɗa masu yawa suna zaune a ƙasan dandali suna raka muryoyin da goge da busa da ganga. A Italiya aka ƙirƙiro ta wajajen shekarar 1600. Mutum biyu ne ke haɗa ta: marubuci ya tsara baitoci, mai tsara kiɗa ya ɗora musu karin murya ya kuma rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa. Sunan na biyun ne ke fita.

A zamanin Verdi, kusan kowane gari mai ji da kansa a Italiya yana da gidan opera. A can attajirai ke haɗuwa, a can ake ƙulla ciniki da aure, talaka kuma ya biya ɗan abin da ya samu ya hau can ƙololuwa ya kalla. Waƙar da ta karɓu da dare, gobe da safe an ji ta a bakin masu tuƙa kwale-kwale da 'yan kasuwa. A ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su iya karatu ba, kuma kowane yanki da irin karin harshensa, opera ce abin da kowa ke ganewa.

Ɗan mai masauki

An haifi Verdi a watan Oktoban 1813 a wani ɗan ƙauye mai suna Le Roncole, kusa da garin Busseto a yankin Parma. A lokacin yankin yana hannun Faransa ta Napoleon, shi ya sa da Faransanci aka rubuta takardar haihuwarsa. Mahaifinsa Carlo yana da ɗan masaukin baƙi da kanti, mahaifiyarsa Luigia kuma kaɗi take yi. Daga baya Verdi ya riƙa cewa shi ɗan talakawa ne tilis, amma iyayen suna da rufin asirin da har suka iya saya masa wani tsohon abin kiɗa mai kama da ƙaramin fiyano tun yana yaro. Bai kai shekara goma sha biyu ba ya zama shi ke kaɗa ogan a cocin ƙauyen.

Wani ɗan kasuwa a Busseto mai son kiɗa, Antonio Barezzi, shi ya ga abin da ke jikin yaron. Ya jawo shi gidansa, ya ɗauki nauyinsa, ya kuma ba shi aikin koya wa 'yarsa Margherita kiɗa. A 1832 aka tura shi Milan ya nemi shiga babbar makarantar kiɗa. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da ya yi fasfo, domin Italiya a wancan lokaci ba ƙasa ɗaya ba ce. Milan da Benis suna hannun Ostiriya, Paparoma na mulkin tsakiya, wani sarki na riƙe da Naples da Sisili, wani kuma na Turin, ga ƙananan masarautu irin su Parma. Makarantar ta ƙi karɓarsa. Dalilansu: ya wuce shekarun shiga, baƙo ne daga wata ƙasa, kuma ba su gamsu da yadda yake ɗora hannu a kan fiyano ba. Yau sunansa makarantar take amsawa.

Barezzi bai karaya ba. Ya biya aka koyar da shi a wajen wani malami mai zaman kansa, Vincenzo Lavigna. A watan Mayun 1836 kuma ya aura masa Margherita.

Wata ashirin da biyu, kabari uku

An haifa musu 'ya mace, Virginia, a watan Maris 1837, sannan ɗa namiji, Icilio, a watan Yulin 1838. Wata guda bayan haihuwar Icilio, Virginia ta rasu tana da kimanin wata 16. Suka tattara suka koma Milan don neman sa'a. A watan Oktoban 1839 Icilio ma ya bi yayarsa, shi ma bai cika shekara ɗaya da rabi ba. Ba a yi wata guda da binne shi ba aka nuna operar Verdi ta farko, Oberto, a La Scala, gidan opera mafi daraja a Italiya. Ta sami karɓuwa daidai gwargwado, har shugaban gidan, Bartolomeo Merelli, ya ba shi kwangilar wasu. Zaman Milan bai zo musu da sauƙi ba. Shi da kansa ya ba da labarin yadda Margherita ta jinginar da kayan adonta aka biya kuɗin haya.

Aikin da ke gabansa a lokacin wasan barkwanci ne. Yana cikin rubuta shi, a watan Yunin 1840, Margherita ta kamu da ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ta rasu tana da shekara 26. Daga Agustan 1838 zuwa Yunin 1840, wata 22 ke nan, gidan mutum huɗu ya koma na mutum ɗaya. Kwangila kuwa ba ruwanta da takaba. Ya ƙarasa wasan, aka nuna shi ranar 5 ga Satumba 1840 da sunan Un giorno di regno, ma'ana sarautar kwana ɗaya. Sunan ya bi shi: 'yan kallo suka yi masa ihu, aka sauke shi bayan dare ɗaya. Verdi yana da shekara 26, ya ce shi da kiɗa har abada. Sai da ya shafe shekara fiye da 50 kafin ya sake gwada wasan barkwanci.

Nabucco, da labarin da aka yi wa ado

Merelli ne ya dawo da shi. Ya tura masa rubutun wani wasa na Temistocle Solera game da Nebukadnezzar sarkin Babila, wanda littattafan tarihi na Larabci ke kira Bukhtanassar, da yadda ya rushe Ƙudus ya kwashe Bani Isra'ila zuwa bauta. An nuna Nabucco ranar 9 ga Maris 1842, kuma daga wannan dare Verdi ya zama abin kwatance. Da aka sake ɗora wasan a kakar shekarar, sau 57 aka nuna shi. A cikinsa ne waƙar bayin nan take, inda suke zaune a bakin kogi suna begen ƙasarsu.

Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, mutanen Milan da ke ƙarƙashin Ostiriya sun ga kansu a cikin bayin, suka tashi tsaye suka tilasta a maimaita waƙar, daga nan wutar neman 'yanci ta kama. Labari ne mai daɗi, amma masu bincike na baya, musamman masanin nan ɗan Ingila Roger Parker, sun koma kan jaridun lokacin suka tarar cewa wata waƙa ce daban aka maimaita a daren. Jami'an Ostiriya masu tace wasanni ba su ga abin hanawa a ciki ba. Ƙari a kan haka, ga 'yar wakilin sarkin Ostiriya a Milan Verdi ya sadaukar da wasan. Sai bayan shekaru, da ƙasa ta haɗu tana neman abin tinƙaho, aka ɗora wa waƙar nauyin da take ɗauke da shi yanzu.

Shi kansa Verdi ya taimaka wajen yi wa tarihinsa ado. A 1879, da yake ba mawallafinsa Giulio Ricordi labarin ƙuruciyarsa, ya ce matarsa da 'ya'yansa duka cikin 'yan watanni kaɗan suka rasu, alhali takardu sun nuna kusan shekara biyu. Ba ma ganin ƙarya ya yi niyya. Wanda aka yi wa irin wannan rashi, bayan shekara 40 abin ya kan dunƙule masa ya zama dare ɗaya mai tsawo.

Wannan ba ya nufin kishin ƙasarsa na bogi ne. A 1848, da mutanen Milan suka yi kwana biyar suna faɗa suka kori sojojin Ostiriya, ya baro Faris ya zo da murna. Ya tsara waƙar yaƙi bisa roƙon Giuseppe Mazzini, ɗaya daga jagororin neman haɗin kai. A Janairun 1849 ya nuna La battaglia di Legnano a Roma, wasan da ba ɓoye-ɓoye a cikinsa, kira ne a kori baƙon mulki. A 1859 aka fara rubuta sunansa a bango, domin haruffa biyar na sunan sun yi daidai da haruffan farko na kalmomin da ke nufin Vittorio Emanuele sarkin Italiya. Mai yi wa Verdi fatan tsawon rai a bango ya san abin da yake nufi, ɗan sandan Ostiriya ma ya sani, amma ba laifin da zai kama shi da shi. Da aka kafa ƙasar a 1861, firaminista Cavour ya matsa masa ya tsaya zaɓe, ya zama ɗan majalisar farko a Turin har zuwa 1865, a 1874 kuma aka naɗa shi sanata. Sai dai majalisa ba ta taɓa zama gidansa ba.

Uba da 'ya

Mu koma cikin wasannin. Bayan Nabucco, Verdi ya shiga aiki ba ji ba gani, wani lokaci opera biyu a shekara, daga Milan zuwa Benis, Roma, Naples, Florence, Landan da Faris. Daga baya ya kwatanta waɗannan shekaru da rayuwar bawan da aka ɗaure yana tuƙa jirgin ruwa. A cikinsu ya rubuta Macbeth a 1847, ya sadaukar da ita ga Barezzi, surukin da ya ci gaba da ɗauka uba duk da cewa igiyar da ta haɗa su ta tsinke.

A 1851 ya kai ga Rigoletto, wadda aka ɗauko daga wani wasan Victor Hugo. Jarumin wasan wawan sarki ne, mai ƙusumbi, mai kaifin harshe. Ubangidansa manemin mata ne, shi kuma aikinsa ya yi wa iyaye da mazajen matan da aka lalata dariya. Wata rana wani dattijo da aka ɓata wa 'ya ya tsine masa. Abin da fada ba ta sani ba shi ne, wawan nan yana da 'ya guda ɗaya, Gilda, wadda ya ɓoye a wani gida, ba ta fita sai zuwa ibada. Fadawa suka sace ta suka kai wa ubangidan. Uban ya yi hayar makashi ya kashe masa ubangidan, ita kuwa yarinyar, da yake son mutumin ya kama ta, sai ta ba da ranta a madadinsa. Da tsakar dare aka miƙa wa Rigoletto buhu a bakin kogi. Yana shirin jefa shi ruwa sai ya jiyo muryar ubangidansa daga nesa yana rera waƙarsa ta shashanci. Ya kwance buhun, ya ga 'yarsa.

Masu tace wasanni a Benis sun ƙi yarda da farko. A asalin labarin sarkin Faransa ne fasiƙin, su kuwa ba su yarda a nuna ana ƙulla kashe sarki ba. Sun kuma so a cire ƙusumbin da buhun. Verdi ya yarda a mayar da sarkin ya zama basaraken Mantua, a canza sunaye, amma ya kafe a kan ƙusumbi da buhu. Abin da ya bari da abin da ya riƙe sun isa su nuna mana inda zuciyarsa take. Sarki zai iya zama kowa. Mummunan mutum mai kyakkyawar ƙauna ga 'yarsa, da lokacin da zai buɗe buhun, su ne wasan.

Ba Rigoletto kaɗai ba ce. A Luisa Miller ta 1849, tsohon soja ne ke tsaye 'yarsa na mutuwa da guba a gabansa. A Simon Boccanegra ta 1857, shugaban birnin Genoa ya gano cewa budurwar da ke magana da shi ita ce 'yarsa da ta ɓace shekara 25 da suka wuce, kuma kiɗan da Verdi ya rubuta wa wannan ganawa yana cikin mafi taushi da ya taɓa yi. Ko a La traviata ta 1853, labarin wata mai zaman kanta a Faris da tarin fuka ke ci, zuciyar wasan ba tsakaninta da saurayinta take ba. Tana wurin da mahaifin saurayin ya zo ya roƙe ta ta rabu da ɗansa don kada a fasa auren 'yarsa, ita kuma ta amince, ta nemi ya rungume ta kamar 'yar cikinsa.

Dole mu yi adalci a nan. Labarin uba da 'ya ya yawaita a wasannin zamanin, yana ma cikin Oberto da ya fara rubutawa kafin rashin ya same shi, kuma ba Verdi ke tsara baitoci ba. Amma shi ke zaɓar labari, kuma wasiƙunsa sun nuna yadda yake tasa marubutansa a gaba, musamman Francesco Maria Piave, yana cewa a rage nan, a cire can, a ba shi kalmar da za ta soki zuciya. Wurin da mai kiɗa ya tsaya ya zuba duk ƙarfinsa, nan za a gane abin da ke cinsa. Akwai kuma wasan da ya yi ta sha'awa shekara da shekaru, King Lear na Shakespeare, labarin tsohon sarki da ya ƙare da gawar 'yarsa a hannu. Har an rubuta masa baitocin a shekarun 1850, amma ya mutu bai ɗora musu kiɗa ba.

Giuseppina da mutanen Busseto

La traviata ta zo a lokacin da shi ma yake fama da bakin mutane. Giuseppina Strepponi shahararriyar mawaƙiya ce da ta fito a Nabucco ta farko, ta kuma taimaka masa tun ba a san shi ba. Muryarta ta lalace da wuri, ta koma koyarwa a Faris, a can suka sake haɗuwa a 1847. A 1849 ya zo da ita Busseto suna zaune ba aure, ga shi an san ta haifi 'ya'ya a baya ba tare da miji ba. Garin ya juya mata baya, har a coci ana gudun zama kusa da ita. Maganar ta kai ga Barezzi ya nuna damuwa, Verdi ya rubuta masa wasiƙa a 1852 cikin ladabi amma ba sassauci, yana cewa matar da ke gidansa ta cancanci girmamawa kamar shi, ko ma fiye. Sai a watan Agustan 1859 suka ɗaura aure a wani ƙauye can nesa da gida, ba gayya. Sun zauna tare kusan shekara 50, Allah bai ba su haihuwa ba. A 1867, shekarar da mahaifinsa da Barezzi suka rasu, suka ɗauki wata ƙaramar yarinya daga danginsa, Filomena Maria, suka riƙe. Ita ta gaje shi.

Daren farko na La traviata a Benis bai yi armashi ba. An hana a nuna labarin da tufafin zamani, aka mayar da shi baya wajajen 1700, don kada 'yan kallo su ga kansu. Bayan shekara guda aka sake nuna ta a wani gidan a garin, ta karɓu, kuma har yau tana cikin operar da aka fi nunawa a duniya.

Aida, daga bakin Nilu

Aikinsa da ya fi kusa da nahiyarmu shi ne Aida. Khedive Isma'il na Masar, wanda ya ci burin mayar da Alƙahira kamar Faris, ya gina gidan opera ya buɗe shi a Nuwamban 1869 da Rigoletto, daidai lokacin bikin buɗe mashigin Suez. Daga baya ya nemi a yi masa sabuwar opera ta Masar. Masanin kayan tarihin Fir'auna, Bafaranshe Auguste Mariette, shi ya kawo ƙashin labarin, aka biya Verdi faran 150,000. Yaƙin Faransa da Jamusawan Prussia ya tsare kayan wasan a Faris, don haka sai ranar 24 ga Disamba 1871 aka nuna ta a Alƙahira. Verdi bai je ba.

Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kama take bauta a fadar Fir'auna, tana son sarkin yaƙin Masar. Abin da aka fi tunawa a wasan shi ne faretin nasara, da kakaki da jerin bayi da ganima. Masanin nan Bafalasɗine Edward Said ya yi dogon sharhi a kan yadda wasan ya zama hoton Masar kamar yadda Turai ke son ganinta, a daidai lokacin da bashin Turawa ke shirin haɗiye ƙasar. Sharhin yana da tushe. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka, a 1875 da 1876, sojojin Isma'il suka kai wa Habasha yaƙi na gaske suka sha kashi, a 1882 kuma Ingila ta mamaye Masar.

Amma idan faretin ya wuce, dare ya yi a bakin Nilu, wa muke gani? Uba da 'ya. Sarkin Habasha ya matsa wa Aida ta tatso sirrin hanyar da rundunar Masar za ta bi daga bakin masoyinta. Da ta ƙi, ya ce ita ba 'yarsa ba ce, baiwar Fir'auna ce. A nan kishin ƙasa da ƙaunar uba suka yi karo, kuma 'yar ce ta biya da ranta. Mutumin da ake wa kirari da mawaƙin ƙasa ya san farashin da ƙasa ke karɓa daga gidajen mutane.

Manomin Sant'Agata

Tun 1848 Verdi ya sayi gona a Sant'Agata, kusa da garinsu, ya yi ta faɗaɗa ta. Yana tashi da asuba ya zaga gonaki, ya duba dawaki da shanu da magudanan ruwa, ya bi lissafi har kan ƙwandala. Ba mai sauƙin sha'ani ba ne, ma'aikatansa da mawallafansa duk sun shaida. Bayan Aida ya rubuta waƙar addu'ar mamaci don tunawa da marubuci Alessandro Manzoni, aka rera ta a Milan ranar 22 ga Mayu 1874. Daga nan ya yi shiru, kowa ya ɗauka ya gama.

Ricordi da marubuci Arrigo Boito suka yi ta lallashinsa da Shakespeare har ya sauko. A Fabrairun 1887 aka nuna Otello, yana da shekara 73. A Fabrairun 1893, yana dab da 80, ya fito da Falstaff, wasan barkwanci, irin wanda ya kunyata shi a 1840. A cikinsa ma akwai uba da 'ya. Uban ya so ya yi wa yarinyar auren dole da wani likita, matan gari suka haɗa baki suka yi masa wayo, ta auri wanda take so, shi kuma ya haƙura ya sa albarka. A wannan karon ba buhu, ba guba, ba gawa ko ɗaya. Da dariya aka rufe labule a kan operarsa ta ƙarshe.

Dukiyar da ya tara kuwa, ya fara mayar da ita. A 1888 aka buɗe asibitin da ya gina wa manoman Villanova, maƙwabtansa, waɗanda a da sai an ɗauki marar lafiyarsu tafiya mai nisa. Sannan ya sayi fili a Milan ya gina gida don tsofaffin mawaƙa da makaɗa da ƙarfinsu ya ƙare ba su tara komai ba. Ya san irinsu da yawa, ya kuma san cewa da Nabucco ta faɗi kamar wadda ta gabace ta, da shi ma a cikinsu zai ƙare. Camillo Boito, yayan Arrigo, shi ya zana ginin. Verdi ya bar wa gidan kuɗin haƙƙin mallakar wasanninsa, ya ce kada a buɗe shi sai bayan ransa. A wata wasiƙa ya ce a duk ayyukansa wannan gida ne ya fi so.

Giuseppina ta rasu a Nuwamban 1897. Shi kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi a otal ɗin nan na Milan ranar 21 ga Janairu 1901, ya yi kwana shida. Gidan tsofaffin ne aka mayar da su biyun a ranar da garin ya fito. An buɗe ƙofarsa ranar 10 ga Oktoba 1902, ranar da ake bikin haihuwarsa, kuma har yau akwai tsofaffin mawaƙa a cikinsa, wasu suna koya wa ɗalibai matasa a ɗakunan da ke kallon farfajiyar da kabarinsa yake.

Italiya ta sami abin da take nema a wurinsa, ta kuma ƙara masa abin da bai yi ba, kamar yadda ƙasashe kan yi wa manyansu. Amma masu cika gidajen opera a Tokyo da Buenos Aires da Cape Town, mafi yawansu ba su san wane ne Cavour ba, ba kuma abin da ya haɗa su da rikicin Milan da Ostiriya. Abin da ke sa su yi tsit shi ne lokacin da wawan sarki ya durƙusa a bakin kogi yana kwance bakin buhu. Wanda ya rubuta wannan kiɗa ya taɓa tsayawa a kan kabarin yarinya 'yar wata 16, a Busseto, a watan Agustan 1838.